Lilon Da Ƙanina Ya Kafa A Yendi

Ƙanina ya dawo daga yaƙin Bama da akwatin ƙarfe da kuma wani buri da ba wanda ya gane kansa. Ya ce a Indiya ya ga lilo na katako mai kama da ƙafar keke a tsaye, an rataya masa akwatuna huɗu, mutane na zaune ciki ana juya su sama da ƙasa. Irinsa zai kafa a filin zangon Yendi, yara su hau da Ƙaramar Salla.

Ni ce babba a ɗakinmu, kuma tun yana yaro na san idan zai ɓoye magana sai ya yawaita bayani. A kan wannan lilo kuwa bayani ya yi yawa.

Ya tafi Salaga, garin iyayenmu, ya yo lodin maɗaci. Ƙarfen tsakiya, wanda komai zai juya a kansa, daga Bawku aka kawo shi, an ciro shi daga wata mota da ta mutu a hanya. Na tambaye shi me ya kashe motar, ya ce inji ne. Wani kafinta Badagombe ya yi masa aikin, maƙerin unguwa ya buga ƙusoshi.

Ƙaramar Salla ta zo ta wuce, ya ce itacen bai bushe ba. Babbar Salla ta zo, lilo na tsaye an gama shi, amma ya ɗaure shi da igiya, wai sakatun akwatunan ba su yi masa ba. Ya sa aka sake su: sanda ce ke tare cikin mai hawa, kuma daga waje ake kulle ta, yadda yaro ba zai iya buɗewa ba ko ya tsorata. Ya ƙara wani gungume da ake dannawa a jikin da'irar ta tsaya, shi ne birki. Sai ya cika akwatunan da doyar Bimbilla, ya sa ƙarti suna juyawa yini guda, shi kuwa ya kara kunne a jikin ginshiƙi yana saurare. Mutane suka ce mutumin nan akwai kula. Ni dai na ce a raina, me yake jira ya ji?

Aka sa ranar buɗewa da bikin Damba, wanda Dagomba ke yi a watan Maulidi. 'Yata ta dame ni da roƙon in bar ta ta hau, ga matar ƙanin nawa ta faɗa mini a bakin rijiya cewa ya hana ɗansu kusantar wurin. Na same shi yana shafa wa ƙarfen man kaɗanya.

Na ce, "Kai, 'ya'yan mutane za su hau, naka ba zai hau ba?"

Ya ce, "Yaya, yaron yana da jiri."

"Yaushe ya fara? Jiya na gan shi a kan tsamiya."

Ya ci gaba da shafa mai. Na ce masa to, ba yaron da zai hau sai ni da shi mun hau. Ya ce ba girmana ba ne. Na ɗaure zanina na shiga akwati, dole ya shiga na gefena, kafinta ya kulle mu.

Da muka kai sama na hango rufin kasuwa da hanyar Gushegu, amma ba su na tsaya kallo ba. Shi nake leƙe. Ya ƙanƙame sanda, idonsa na kan ƙarfen tsakiya, bakinsa na motsi. A zagaye na gaba na ji wani ƙas a ƙarƙashina. Ya ɗaga hannu, aka danna birki, muka tsaya cak.

Na ce, "Ka ji?"

Ya ce, "Itace ne yake zama."

Aka buɗe lilo, yara suka yi layi har bakin masallaci. Ban bar 'yata ta hau ba, ta yi kwanaki ba ta yi mini magana. Salla biyu ana hawansa, ba wanda ya faɗo, ko ƙwarzane ba a samu ba. Mata suka riƙa cewa na cika zato, har na fara yarda da su.

Wata safiya, ana saura kaɗan Damba ta sake zagayowa, na fito na tarar ya kwance shi gaba ɗaya. Katakon ya ba masu gyaran makarantar allo. Ƙarfen na nema in duba da idona, aka ce tun da asuba ya naɗe shi a buhu ya ɗora a motar Bawku. Ga mutane ya ce gara ce ta shiga ginshiƙi. Na je na ƙwanƙwasa ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, ban ga gara ba.

Bayan ya koma Salaga da zama na haɗu da kafintan a kasuwa, na tambaye shi gaskiyar lamarin. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi yara, ya ce shi aikin katako kawai ya yi.