Lamba Ɗaya ta Darakta

Har gobe ban manta da ranar Juma'ar da Darakta ya tsaya gaban allon sanarwa na ofishinmu a Kalgo, ya sa tabarau, ya shiga karanta takardar da ba dominsa aka liƙa ta ba, wato jerin lambobin na'urorin ofis. Lokacin ina mataki na takwas, wata biyar da ɗaukata aiki, ko tabbatar da ni ba a yi ba. Mu biyu ne a sashen kwamfuta, ni da shugabata Madam Rifkatu, 'yar Zuru, wadda ke mataki na goma sha biyu tana jiran ƙarin girma a ƙarshen shekara. Ita ta tsara netwok ɗin ofishin tun daga wayar farko.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce: kowace kwamfuta a kan netwok tana da lambarta, wato adireshin IP, kuma ba a yarda biyu su riƙe lamba guda ba. Akwai kuma rauta, ɗan akwatin da duk saƙon da zai fita intanet sai ya bi ta kansa. A al'adar aikin, shi ake ba lamba ta ɗaya. Sauran lambobin Madam ta jera su ne bisa tsarin ɗakuna, daga ƙofar shiga zuwa ƙurya. Ofishin Darakta ne na ƙurya, don haka ya sami arba'in da bakwai. Injin buga takardu ma ya fi shi, yana sha biyu.

Darakta mutumin Gwandu ne, abokin mahaifina tun suna makarantar allo. Ya yafito ni zuwa ofishinsa.

"Ɗan Malam, wa ad da lamba ɗaya cikin wanga ohis?"

"Ranka ya daɗe, rauta ne. Wani akwati ne da ke kan kabad a sito."

"Akwati? Shekara talatin ina aikin gwamnati, a aje ni bayan injin buga takarda, a ba akwati lamba ɗaya? Gyara min yanzu."

Wallahi na san abin da zai biyo baya, darasin makon farko ne a makaranta. Amma a gidanmu ba a koya mana yadda ake ce wa abokin uba "ba zai yiwu ba". An ɗauke wuta a lokacin, rauta a kashe yake, don haka laftof ɗinsa ta karɓi lamba ɗaya ba gardama. Dabarata ita ce ya gani ya ji daɗi, in ya fita alwala in mayar. Ya gani, ya ji daɗi, ya rufe laftof, ya cusa a jaka, ya kama hanyar Gwandu don kada Juma'a ta wuce shi.

Ranar Litinin da ƙarfe goma ya buɗe laftof, netwok ya kwanta. Abin da ke faruwa shi ne, kwamfutoci sukan tambaya wa ke da lamba ɗaya, sai rauta da laftof ɗin Darakta su amsa tare. Duk wadda ta fara jin laftof, can za ta tura saƙonta. Ita kuwa laftof ɗin sai ta karɓa ta ajiye, ba ta wuce da shi ko'ina. A wannan fanni dai ta yi kama da teburin mai ita.

Ranar Talata ya tafi taro Birnin Kebbi, netwok ya yi ta gudu kamar ba shi ba. Laraba ya dawo, ya sake kwantawa. Ma'aikata suka fara raha cewa netwok kunyar Darakta yake ji. Shi kuwa ya fassara abin da cewa da gangan ake yi masa, kuma mai tsara netwok ce kaɗai ta san yadda ake yi. Kafin la'asar an miƙa wa Madam takardar tuhuma, a ba da amsa cikin awa ashirin da huɗu, kwafi ɗaya a fayil ɗinta. Duk ma'aikacin gwamnati ya san irin wannan takarda a shekarar ƙarin girma tana nufin sai wata shekarar.

Madam ta canza wayoyi, ta kira masu ba mu intanet, ta hau tsani ta duba eriya. Ni ne na riƙe mata tsanin, bakina gum. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Ranar Alhamis ta kama zaren. Ban da adireshin IP, kowace na'ura tana da wata lamba da aka ƙera ta da ita, wadda ba ta canzawa. Ta duba wace na'ura ce ke amsa sunan lamba ɗaya, ta buɗe littafinta na rajista, ta ga laftof ɗin Darakta ce, sannan ta juyo da fuskar kwamfutar wajena.

"Bashar, Darakta bai san inda ake canza wannan ba. Kai ne?"

"Ni ne, Madam."

Ta ce, "To ai ba zai saki lambar ba. Ka zo ranar Asabar."

Asabar muka wuni muna kwashe rauta zuwa lamba ta ɗari biyu da hamsin da huɗu, can ƙarshen layi, muna bin na'urori ɗaya bayan ɗaya muna nuna musu sabuwar hanya. Litinin Darakta ya buɗe laftof, komai lafiya lau. Na tattara ɗan ƙarfin halin da ya rage min na shiga wurinsa, na zayyana masa komai, na ce laifin nawa ne, Madam ba ta ma sani ba.

Ya cire tabarau, idonsa har ya kawo ruwa. "Allahu akbar! Halin ubanka sak. Shi ma haka shike, ɗaukar laihin wani. Bari ruhe mata asiri, ɗana. Ba ka gani ba, tun da anka ba ta takarda abu ya miƙe? Ga lambata nan kuma, mi ta hana?"

Na rantse, na sake rantsewa. Duk rantsuwa ɗaya sai ƙara ganin girmana yake yi. Na rubuta bayanin a takarda na miƙa ta hannun sakatare, washegari Darakta ya maido min da ita da hannunsa, ya ce ba zai bari in ɓata fayil ɗina saboda kirki ba.

Ƙarshen shekara aka tabbatar da ni a aiki, da sharhin Darakta cewa ni yaro ne mai riƙon amana. Jerin ƙarin girma ya fito babu sunan Madam. Ta karanta shi sau ɗaya, ta dawo ta ce in ɗauko kayan aiki, wayar ɗaki na tara tana ba da matsala. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Shi ya sa yau, duk wanda ya zo ƙarƙashina, ba ya taɓa lambar kowace na'ura sai an rubuta a littafi mutum biyu sun sa hannu, ko da Gwamna ne ya tsaya a kansa. Kuma nakan gaya musu, in babba ya nemi abin da zai karya netwok, a ce masa a'a nan take, cikin ladabi, a sha faɗan minti biyar. Ni na ƙi shan nawa ranar Juma'a, Madam Rifkatu ta sha shi shekara guda cur.