Takalmin Bitrus Ya Dawo, Shi Bai Dawo Ba

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau! Ƙarfe biyu daidai, ina zaune da matata, sai ga ɗan acaban layinmu riƙe da takalmi mai taya, ƙafa ɗaya. Na ƙanena Bitrus ne! Da asuba ya sa shi ya bar Kafanchan, ya rantse sai Jere, ba zai hau mota ba.

Na ce, "Ina ka samo?"

Ya ce, "Baba, bayan Kagoma, cikin cittar da aka shanya a bakin titi. Igiyar ma a ɗaure take tam."

Matata ta ce, "Yesu! To yaya ƙafar ta fita?"

Wayar Bitrus tana shiga, ba a ɗauka. Duk wanda ke tsakanin Kagoma da Jere, don Allah ya fita titi ya duba mana yanzu.