Abdussalami Mai Bigila da Rikodar da Na Sayar Masa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025, da hantsi, Allah Ya yi wa Abdussalami Ɗantani rasuwa a gidansa da ke Bebeji, bayan jinyar wata huɗu. Shi ne mai bigila, kuma jagoran makaɗan nan da ake kira 'Yan Hanzari.

Sai na fara jinjina wa mutanen garinmu, masu sanin darajar nasu. A zaman makoki na ji manya suna cewa an yi rashin gwani, kuma na gane fuskokinsu sarai, domin su ne suka shekara talatin suna kiran kiɗansa faɗan tukwane da murafai. Allah Ya ƙara mana irin wannan basira, ko da a makare take zuwa.

Ni kuwa, Abdussalami, ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Akwai haƙƙinka da na daɗe ina ɗauke da shi.

A 1987 ina da tebur a kasuwar Tudun Wada, ina sayar da tsofaffin rediyo da rikoda. Cikinsu akwai wata rikoda da mai gyara ya sa wa injin da ba nata ba. Jan kaset take da gudu; ko wa'azi ka sa mata, sai ka ji malamin kamar mota yake bi. Na san haka. Sai ga ka da wani kaset da direban babbar mota ya kawo maka daga Ikko, kiɗan wasu mutane na tsallaken teku, wanda ba ka taɓa saurare ba. Na ce ai da kaset ɗinka ya kamata mu gwada. Bigila ta tashi, jita ta bi ta a guje, idonka ya yi waje. Ka ɗauki rikoda ka tafi, ni kuma na sauya wurin tebur sati biyu.

A kan wannan rikodar kuka koyi kiɗa. Ka samo tsohuwar bigila wurin wani tsohon soja, ka ɗauko Ɗanasabe mai ganga daga Kiru, da Abdulbasit mai jita daga Doguwa, wanda yake jefa bugunsa tsakanin bugun ganga kamar mai ɗingishi. Kuka ɗora waƙoƙin Hausa a kai, na noma da na tsiyar direbobi. A bikinku na farko, kafin waƙa ta biyu 'yan rawa duk sun zube. Wata tsohuwa, Tasalla, ta dafa gwiwa ta ce, "'Ya'yan nan, wa ya biyo ku ne?" Daga ranar sunan 'Yan Hanzari ya zauna.

Daga baya otal ɗin bakin tafkin Bagauda ya riƙa kiranku ranakun Asabar. Kuka yi kaset biyar. Da kiɗan kwamfuta ya zo ya kori masu ganga da yawa gona, ku kuka ƙi koruwa. Mutum goma sha bakwai suka shiga ƙungiyar suka fita, kuma ban san ɗaya da ka sallama ba tare da ka nema masa sana'a ba. Duk kaka kana kai kiɗa wurin gayya a Doguwa kyauta. Manoman can suna cewa aikin yini kafin azahar yake ƙarewa. In aka kira salla, ko a tsakiyar busa kake, bigila ƙasa take yi.

Duk wannan ina kallo, ina ɗaga kai ana cewa abokina ne, bakina kuwa gum.

Da ciwo ya yi nauyi, na ga in ban faɗa ba yanzu, sai dai a gaban Allah. Na je, Hasiya matarka ta shimfiɗa mini tabarma. Na fede maka biri har wutsiya, na nemi yafiya. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

Ka ce, "Mu'azu ɗan kasuwa, kai kaɗai ne mai kunne? Kwana uku da saye na gane. Na kai aka gyara, na ji kiɗan a yadda masu shi suka yi shi, kamar ana lallashin jariri. Na ce wa mai gyara ya mayar mini da ita yadda take."

Na ce, "To, ka yafe?"

Ka ce, "Tun kafin ka dawo da teburinka. Amma Ɗanasabe bai sani ba. Har yau ya ɗauka haka kiɗan yake. Kada ya ji sai bayan raina, tsoronsa nake."

Ga shi na cika alkawari.

Allah Ya jiƙan Abdussalami, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Hasiya, da 'ya'yansa Barakatu da Khairiyya, da sauran 'Yan Hanzari. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Mai bigila dai ya yafe. Saura mai ganga, wanda ya shekara talatin da takwas yana dukan fata da gudun da ba na Allah da Annabi ba, har yau kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sai da man zafi. An ce mini har yanzu hannun hagun lafiya lau yake. Cikin masu sanin darajar nasu, wa zai raka ni Kiru?