Faran ɗin tela

Duk sanda na ji ƙamshin tsohuwar takarda da miski, sai na tuna shekarar da aka daina faran, kuɗin Faransa, aka koma yuro. Ina ƙaramar yarinya, muna zaune a Les Minguettes, can gefen Lyon, tare da kakana.

Bakano ne. Ya daɗe yana tuƙa Turawan Ingila a Paris, ya kwaso maganganunsu na kuɗi. In ya gama biya mini darasin ajami, yakan ce suna da wata magana, wai kuɗi a kan ƙusa, wato biya lakadan, ido da ido. Ita kaɗai ya ce ya amince da ita cikin zancensu.

A ƙarƙashin gadonsa akwai gwangwanin biskit cike da faran. Kuɗin keken ɗinkin da mahaifiyata take ciyar da mu da shi ne. Wani tela ɗan Damagaram a Clichy-sous-Bois, kusa da Paris, ya sayar masa a kan zai biya daga baya. Ranar da ya kai kuɗin, ya tarar an mayar da telan gida saboda rashin takardu.

Mahaifiyata ta yi ta roƙonsa ya canza su. "Baba, za su zama takardar banza fa."

"Da faran muka yi ciniki," in ji shi. "Su zan sa masa a hannu."

Duk ɗan Nijar da ya gani a masallaci sai ya tambaye shi labarin telan. Sanyi ya zo ya wuce, na girma, har wa'adin canza faran ya ƙare. Bai saduda ba. Tsoronsa ɗaya, kada a binne shi da haƙƙin mutum.

Allah cikin ikonsa, wani ɗalibi ya kawo labari cewa telan ya zo Paris duba ɗansa. Na riƙe kakana muka hau jirgin ƙasa, gwangwanin a cinyarsa.

Bayan doguwar gaisuwa, kakana ya kawo zancen bashin, telan ya ce, "Haba Alhaji, ai na yafe tuntuni."

"Ni ban nemi yafiya ba, Malam. Buɗe hannunka."

Ya zuba masa faran ɗin. Sannan ya ciro ambulan na yuro, wanda ya tara daga fanshonsa, don ya san waɗancan sun mutu. Telan ya ture ambulan ɗin.

"Da faran muka yi ciniki. Ga su na karɓa. Ko so kake ka cuce ni da ƙari?"

Kakana ya yi dariya har da hawaye. A hanyar komawa ya yi barci irin wanda ban taɓa gani ya yi ba.

Yau da waya nake biyan burodi, ba na ko kallon fuskar mai shago. Kakana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Gwangwanin yana wurina, ba komai ciki sai ƙamshin.