Littafin Anti Rabi babu sunan kowa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin buɗe shago da safen nan Hauwa ta kira ni tana kuka: yayarta, Anti Rabi nas, ta rasu.

Allah Ya yafe mini, tun kafin hawaye ya zo, littafinta ne ya faɗo mini a rai.

Ga wanda bai sani ba, wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyinta ta yi bincike kan lafiyar mata a zaman aure da haɗe-haɗen gargajiyar da muke amfani da su. Ni kuwa kayan mata nake sayarwa a nan unguwar Briqueterie. Ranar da ta fara zuwa da farar riga da littafi a hannu, fatattakar ta na yi. Na ɗauka turo ta aka yi ta rufe mini shago.

Washegari ta dawo sanye da atamfa, riƙe da ƙunshin soya, wato tsire, mai zafi. "Yaya Balki, koyo na zo, ba kame ba."

Ni na riƙa shigar da ita gidaje, ni na ce wa mata su saki jiki. Suka faɗa mata abin da ko iyayensu mata ba su taɓa ji ba, ita kuwa tana ta rubutawa.

Da ta kai wani haɗina labo, ɗakin gwaji, aka ga yana ji wa mata ciwo, bayan shago ta ja ni. "Wannan ki daina shi, Yaya." Na daina, kuma ba wanda ya ji.

Ganinmu na ƙarshe a asibiti ne, ciwo ya cinye ta. Na so in tambaye ta littafin, kunya ta hana ni. Ta kalle ni ta yi murmushi. "Ça va aller, komai zai daidaita, na gama aikin, kwantar da hankalinki."

Hankalin bai kwanta ba. Yau har na isa gidansu a unguwar Nkomkana ina tunanin hannun wa sirrin matan nan zai faɗa, kuma da wane ido zan kalle su.

Bayan an kai ta, Hauwa ta miƙo mini littafin, ta ce wasiyya ce in duba.

Babu sunan kowa a ciki, wallahi. Citta, Kimba, Kanumfari, Masoro, haka ta raɗa wa kowace mace. Sunayen gaskiya a kanta ta riƙe, ta tafi da su.

Kaina kawai na gane. Barkono: "Ta kore ni ranar farko, kuma tana da gaskiya."

Na yi dariya a gidan makoki, sannan na yi kukan da na kasa yi tun safe.

Matan unguwa, ku saki ranku. Ita ma ta huta da ciwo.

Allah Ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa namu, Ya haskaka kabarinta. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa Anti Rabi a addu'a.