Jirgin Ruwa a Gubaira

A Riyad kifi ma a firiza muke ganinsa, sai ga kafilin kawuna, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya sayo jirgin ruwa. Ni aka aika na jawo shi a bayan mota har bakin shagon Kawu a unguwar Gubaira, masu shayi suna ta tambayata ko ambaliya na jiyo.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mai aikin wayarin, Bakano. Gemunsa a ƙasar nan ya yi fari, amma teku sai ta tagar jirgin sama ya taɓa hango ta. Kafili ya ce a kafa wa jirgin janareton iska, irin mai farfela a kan dogon ƙarfe, don ya riƙa cika batura. Ya kuma yi alkawari: in aiki ya yi kyau, da Kawu za a tafi gabas a saka jirgin a ruwa. In ba haka ba, a kai wa wani. Ban taɓa ganin dattijo ya ƙwallafa rai a kan abu irin haka ba. Har sabon takalmin roba ya saya.

Kawu yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa. Duk aikin da ya yi sai ya haɗa wayar atin, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle ta zubar a ƙasa kafin ta sami mutum. Da ya gama ɗaura farfela, sai ya ɗauko sandar jan ƙarfe ya buga ta a tsakar shago, ya zuba gawayi da gishiri kamar yadda ake yi a gida, ya ɗaure jirgin a jikin sandar da koriyar waya.

Na ce, "Kawu, ranar tafiya da shagon za mu tafi?"

Ya harare ni. "Kai dai ja motarka. Wuta ba tuƙi ba ce."

Amma ya daɗe yana kallon wayar.

Maƙwabcinmu wani Bamisire ne mai gyaran inji, ɗan bakin teku. Ya leƙo, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ya Hajji, jirgi ba akuya ba ne." Ya nuna wa Kawu wani farantin jan ƙarfe a ƙarƙashin jirgin. Ya ce inji, tankin mai, ƙarfen farfela, duk a haɗe su da waya a kai wa farantin nan, ruwan teku ya ƙarasa sauran.

Nan fa Kawu ya tubure. Shi da ya yi rayuwarsa yana raba wuta da ruwa, yau a ce ya ɗaura musu aure? Ya ce wallahi gara ya mayar da aikin. Raina ya ɓaci, don na san ba taurin kai ba ne kawai, tsoro yake kada ya kashe 'ya'yan mutane. Da ƙyar Bamisiren ya shawo kansa da bokitin ruwan gishiri da mitar awon wuta. Kawu ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya haɗa wayoyin yana gunaguni.

Ranar da aka saka jirgin a teku can gabas, Kawu ya hana kowa hawa sai da ya shiga. Ya tsuguna a gindin inji, mita a hannu, yana taɓa ƙarafa da bayan yatsa. Aka tashi, farfela tana ta juyi, gari ya ɓace a bayanmu, shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba.

Na ce, "Kawu, don Allah ka bar wayar nan. Ga abin da ka zo gani."

Ya ɗago a hankali. Ruwa gaba, ruwa baya, babu gini ko ɗaya. Ya ajiye mitar a ƙasa, idonsa ya kawo ruwa. Can ya juya wajen kafili, ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Shuwayya, shuwayya, a hankali. Kada mu koma tukuna."