Girgizar Ƙasar Goggo Saratu

Jama'a, wa ke nan da Goggo Saratu ba ta taɓa katse wa magana ba? Kana tsakiyar gaisuwa sai ta ɗaga yatsa: "Shiru! Kun ji?" Ta sunkuya ta dafa ƙasa, mu kuma mu tsaya cirko-cirko da shayi a hannu. Ni Rahila 'yar ƙaninta ce, a gidanta na Plumstead na sauka da na zo London, don haka na sha wannan shirun har na ƙoshi.

Bangon kicin ne ya tsage. Goggo ta rantse girgizar ƙasa aka yi da rana tsaka, ita kaɗai ta ji duk faɗin London. Ta yi claim na diyyar girgizar ƙasa, kamfanin inshora ya yi reject, ya ƙi yarda. Suka ce ƙasar yumɓu ce ke lotsawa a ƙarƙashin gidan, za su gyara, amma sai ta tashi na wasu watanni. Ɗanta Bitrus kuwa dama ya fara yi mata zancen care home, gidan kula da tsofaffi. Tun daga ranar Goggo ba ta sake zama wuri ɗaya ba.

Kamfani ya turo wani Bature mai duba gini. Goggo ta sa shi ya cire takalmi su jira girgizar tare. Bawan Allah ya tsaya da safa a kicin. Can sai kofuna suka yi ƙara.

"Ka ji?"

"Bus ce ta wuce, madam."

"To ita bus ɗin, me ya girgiza ta?"

Ya nuna wani abu a lungu da aka lulluɓe da zani. Ko ƙiftawa ba ta yi ba ta ce, "Kujerar addu'a ce." Kai, Goggo! Turmi ne fa, wanda ta ɗauko tun daga Jos, a jikin wannan bangon take kirɓa doya duk Asabar. Ni dai na shige banɗaki kada dariya ta tona mu.

Sai ta shiga neman shaidu. Ga maƙwabcinta Malam Issaka, mutumin Kumasi, yana zaune nan, ba zai bari in yi ƙarya ba. Ya ce mata, "Mama, gaskiya ina jin girgiza, amma ranar da kake daka sakwara kawai."

"Issaka, malmalar da nake aiko maka, kana so ta ci gaba da zuwa?"

"Ina so, Mama."

"To ka ji girgizar ƙasa ko ba ka ji ba?"

"Na ji! Har agogon bango ya faɗo!"

Ko coci ba ta bari ba. Kun tuna ranar da Fasto ke wa'azin alamun ƙarshen zamani, ya ce za a yi girgizar ƙasa a wurare dabam-dabam? Goggo ta miƙe zumbur: "Fasto, maimaita a hankali, ka ambaci Plumstead! Bitrus, yi recording!" Bitrus ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Da sanyi ya shigo na same ta tana cusa tsumma a tsagar. Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Haba Goggo! Wane irin taurin kai ne wannan? Ki bar su su gyara mana!"

Ta ci gaba da cusa tsummanta. "Rahila, kin ɗauka ban sani ba? Girgizar ƙasa takan zo ta wuce, a liƙe bango, shi ke nan. Amma in na yarda gida ne ya gaji, sai a ce mai gidan ma ta gaji. A shekaruna, wa kika taɓa gani ya fita da jaka ya dawo?"

Na karɓi tsumman na taya ta, hawaye na zuba, don na san gaskiya ta faɗa.

Kamfanin bai canza magana ba, ita ma ba ta canza ba, bangon yana nan a tsage har yau. Amma a kan gadonta ta cika, a cikin gidanta, ba wanda ya haɗa mata jaka.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Saratu. Ta yi fama, ta gaji. Ka gafarta mata, ka ba ta ɗaki a wurinka, inda ba wanda zai ce mata ta tashi. Amin.